Gidajen Bayan Digi

Shafa'atu ta sami ɗakin ne ta hannun wata ƙungiya mai haɗa ɗalibai da tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Sharaɗin babu wuya: ta kwana a gidan, ta ci abincin yamma tare da mai gidan, in ranar ganin likita ta zo ta raka ta. Gidan yana Bron, a gefen birnin Lyon, hawa na biyu a wani tsohon bene, ba nisa da inda tiram, jirgin ƙasa na cikin gari, ke tsayawa, ba nisa kuma da jami'ar da take karatun ilimin ƙasa. Mai gidan wata doguwar tsohuwa ce mai farin gashi, shekarunta sun kusa tamanin, sunanta Madam Krina. 'Yar Holan ce. Aure ya kawo ta Lyon tun da ƙuruciyarta, mijin ya rasu, Allah kuma bai ba su haihuwa ba.

Ran da Shafa'atu ta kawo kayanta, tsohuwar ta zaunar da ita a madafa, ta zuba mata kafe, wato gahawa, ta tambaye ta daga ina take. Da Faransanci suke magana, kowacce da irin karin harshenta.

"Daga Nijar."

"Hamada ke nan."

"A'a, Madam. A Yamai na tashi, a bakin kogi."

Tsohuwar ta ajiye kofinta. "A bakin kogi, ko a bayan digi?"

Shafa'atu ta ɗago ta dube ta. Shekararta huɗu a Faransa, babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Digi shi ne dogon tudun ƙasa da ake tarawa a gefen kogi don ya tare ruwa, kuma wanda bai taɓa kwana a bayansa ba bai san akwai bambanci ba.

"A bayan digi," in ji ta.

"To, za mu shirya," in ji Madam Krina. "Ni ma a bayan digi aka haife ni."

Mahaifin Shafa'atu, Malam Muntaka, mutumin Maradi ne. Ya zo Yamai yana saurayi, ya haye gada zuwa unguwar Harobanda, ya sami fili a kwari dab da digi, ya gina gidan ƙasa, ya yi garka. Salati, tumatir, albasa, ga gwaiba da mangwaro a gefen rijiya. A nan aka haifi yayanta Dodo, a nan aka haifi Shafa'atu. Shekara guda da zuwanta Faransa, a daminar 2020, kogin Isa ya yi cikar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba, digin ya ɓalle. Dodo ya kira ta da rana tsaka tana cikin tiram. Ya ce kowa ya fita lafiya, amma gidan ya narke. Kalmar da ya faɗa ke nan, ya narke. Iyalin suka koma can bayan gari a kan tudu, inda babu inuwa babu rijiya. Malam Muntaka bai sake riƙe fartanya ba. Bayan shekara biyu ya rasu, tana tsakiyar jarrabawa, aka binne shi kafin ta gama kuka a waya. Tun daga lokacin, in ta ce gida, ita kanta ba ta san wane wuri take nufi ba. Wanda ta baro babu shi, wanda ke nan kuma ba ta taɓa taka ƙofarsa ba.

Ba ta gaya wa tsohuwar duk wannan ba a lokacin. Ta dai ce ruwa ya taɓa cin unguwarsu, tsohuwar kuma ba ta matsa ba.

Zama ya yi daɗi fiye da yadda ta zata. In ta shimfiɗa dardumar salla, Madam Krina takan rage muryar rediyo ba tare da an roƙe ta ba. Ta daina sa naman alade a miyar waken da take dafawa ranar Alhamis. Shafa'atu kuma ta koya mata cin dambu da zogale, har ya zama tsohuwar na tambaya in an kwana biyu ba a yi ba. A hankali "Madam" ta koma "Mami," yadda 'ya'yan Faransawa ke kiran kakanninsu, ita kuma ta zama "Shafa."

Akwai wata ɗabi'a ta tsohuwar da ta daɗe tana ba Shafa'atu mamaki. Kowace safiya sai ta saurari labarin yanayi, kuma ba ruwan sama take nema ba, iska take nema. In aka ce iska za ta taso daga arewa maso yamma, ranar ba ta da sukuni. Ta leƙa taga, ta dawo, ta gyara abin da ba ya son gyara.

"Mami, teku na da nisa daga nan fa," Shafa'atu ta ce mata wata rana.

"Na sani. Kaina ya sani. Jikina ne bai sani ba."

Ranar ce ta fara ba ta labarin ƙauyensu, a wani tsibiri na yankin Zelanda. Ta ce ƙasarsu ta fi teku kwari. In kana tsaye a ƙofar gida, ruwa yana sama da kanka a ɗaya gefen digi, har yara kan ɗaga kai su ga saman jirgi na wucewa kamar yana tafiya a kan ciyawa. Ta ce kakanninsu ne suka ƙwace ƙasar daga ruwa, gona bayan gona, suna tare wuri da digi su kwashe ruwan cikinsa, da can da injin da iska ke juyawa, daga baya da famfo. A zamanin da, kowane manomi yana da nasa yanki na digi da zai kula da shi, wanda ya yi sakaci kuwa ƙauye duka zai tashi a kansa, don ramin mutum ɗaya zai iya cinye kowa. Ana sakin tumaki a kan digi su ci ciyawa su tattake ƙasa ta yi ƙarfi. Babanta yakan bi shi da ƙafa bayan kowace guguwa, yana duba inda ɓera ya haƙa ko inda ruwa ke tsattsafowa.

"Shekarata tara aka yi babban ruwa," in ji ta. "A 1953, cikin sanyi. Iska ta turo teku, digi ya fashe wuri-wuri. Muka hau saman ɗaki, daga can muka hau rufi. Masunta ne suka zo da kwale-kwale suka kwashe mu. Ƙanwata tana hannun mamata lokacin da bangon ya faɗi." Ta tsaya, ta shafa tebur da tafin hannu. "Mu uku muka shiga kwale-kwalen."

Shafa'atu ta ce, "Allah ya ji ƙanta," da Hausa, don ba ta san yadda za ta faɗe shi da Faransanci ya yi nauyin da take so ba. Tsohuwar ta gyaɗa kai kamar ta gane.

"Kuma kuka koma?"

"Muka koma. Da aka toshe digi aka kwashe ruwa, muka koma. Gishiri ya kashe itatuwa duka, gona ta yi shekaru ba ta ba da abin kirki ba. Babana ya shuka sababbi. Mamata ba ta sake hawa digi ba har ta mutu, amma ko sau ɗaya ba ta ce a tashi ba. Ni ce dai ban iya ba. Da wani Bafaranshe ya zo aiki yankinmu ya ce zai kai ni garin da ke nesa da teku, ban tsaya dogon tunani ba." Ta yi ɗan murmushi. "Mutumin kirki ne. Ban yi nadama ba. Amma ka tsufa ka gani."

A wannan lokacin Shafa'atu na cikin wata rigima da mahaifiyarta. Inna ta gaji da tudu. Kowace Juma'a in sun yi waya, bayan gaisuwa da tambayar sanyi, sai maganar ta dawo wuri guda.

"An gyara digin, Shafa. An ƙara mashi tsawo. Maƙwabtanmu su Hajiya Biba sun koma, har sun yi rufi."

"Inna, na ga taswirar wurin nan da idona. Filinmu ya fi ko'ina kwari. In ruwa ya sake zuwa, nan zai fara zama."

"Nan ɗin da muke, mi ke gare shi? Ba maƙwabcin da na sani. In na mutu ma sai an yi cigiyar masu wanka."

"Inna, don Allah ki bar wannan magana. Ki yi haƙuri in gama in samu aiki."

"To," in ji Inna. Wannan "to" ɗin Shafa'atu ta san shi tun tana ƙarama. Ba yarda ba ce.

Wata Lahadi a ƙarshen kaka, bayan an yi kwanaki ana ruwa, Madam Krina ta sa babbar rigarta ta ce a kai ta Vaulx-en-Velin. Ta ce akwai digi a can mai tare kogin Rhône, mijinta yakan kai ta da mota, tun rasuwarsa ba ta je ba. Suka shiga bis, suka sauka a bayan dogayen benaye, suka bi wata hanya tsakanin 'yan gonaki. Hawan ya ba tsohuwar wuya. Ta riƙe hannun Shafa'atu, tana tsayawa tana haki, amma ta ƙi a koma.

Da suka kai sama sai ta saki hannun. A gefe ɗaya ruwa ne ja, ya cika, yana ɗauke da rassan itace. A ɗaya gefen gidaje ne, da shanya a baranda, da yara masu buga ƙwallo. Tsohuwar ta ja numfashi mai tsawo.

"Nan kaɗai nake jin ƙirjina ya buɗe," in ji ta. "Ka ga ruwa, ka ga gida, duka a kallo ɗaya. Ƙarami ne, bai kai namu ba, amma digi ne."

Shafa'atu ta dubi ruwan. Warin laka ne ya kama ta, irin warin da ta manta tana kewarsa. Sai ga ta tana magana ba tare da ta yi niyya ba. Ta ce bayan la'asar babanta yakan hau digi da buta a hannu, ita tana biye. Daga can ana ganin gada, da fadamun shinkafa, da mata masu wanki sun baza zannuwa a kan ciyawa, da masunta suna gyaran taru. Wani lokaci dorina ta ɗago kai can tsakiya, yara su yi ta ihu. Babanta yakan kafa ɗan kara a bakin ruwa, washegari ya dawo ya ga ko ruwa ya hau shi. In sun juya, ga rufin gidansu a ƙasa, ga hayaƙin girkin Inna. Ta faɗi yadda Dodo ya kira ta a tiram, da yadda babanta ya zauna a tudu yana kallon ƙasa mai tsakuwa har ciwo ya kama shi. Ta faɗi maganar Inna ta komawa, da yadda ita ta hana.

Madam Krina ta saurara har ƙarshe.

"Ba zan ce maki ki bar ta ba," in ji ta. "Na san abin da ruwa ke yi. Ke kuma kin yi karatunsa. A wajenmu ma yanzu an canza tunani. Ɗiyar ɗan'uwana, wanda aka haifa bayan ruwan, ta ce akwai wuraren da aka ja digi baya aka bar wa kogi fili, aka tashi manoma daga gonakin kakanninsu. Wasu sun tafi, wasu sun tara tudu sun gina a kai, don kada su yi nisa. Abin da na sani dai, mamarki ba taurin kai take yi ba. Wurin take so."

"Ni ma wurin nake so, Mami. Shi ya sa nake jin tsoronsa."

Suka tsaya har sanyi ya fara shiga ƙashi, sannan suka sauko.

Cikin hunturu tsohuwar ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Shafa'atu ce ta kira motar asibiti, ita ce ta yi ta zirga-zirga da miya a kwano har aka sallame ta. Ta dawo gida da sandar ƙarfe, hawa biyu ya zama mata dutse. Ɗiyar ɗan'uwanta, Tanneke, ta zo daga Holan ta kwana biyu, suka yi ta magana da harshensu mai fita daga maƙogwaro. Bayan ta tafi Madam Krina ta kira Shafa'atu ta zauna kusa da ita.

"An samo mani ɗaki a gidan tsofaffi, kusa da ƙauyenmu. Tanneke ta ce ta taga ana ganin digi. Zan koma, Shafa."

Shafa'atu ta ce, "Ya yi kyau, Mami."

"Ki raka ni. Ki zo ki gani da idonki. Akwai ƙofofin ƙarfe da aka yi a bakin teku bayan ruwan nan, ana rufe su in guguwa ta taso. Ni kaina a hoto na fi saninsu."

Ba yadda za a yi. Shafa'atu ta gama karatu, takardar zamanta ta ɗalibi ta ƙare, sabuwar ba ta fito ba. 'Yar takardar jira da ke hannunta, an gargaɗe ta kada ta tsallaka iyaka da ita. Abin da ya hana ta zuwa Yamai shi ne ya hana ta zuwa Holan. Suka shirya ta kai ta Paris, Tanneke ta tarbe su a can.

Suka tashi da safe a farkon bazara. Tsohuwar ba ta waiwayi benen ba. A jirgin ƙasa ta yi barci, kanta a kafaɗar Shafa'atu. Da yake jirgin Holan sai da yamma, Shafa'atu ta kai ta Saint-Denis gidan Goggo Balkisa, ƙanwar Malam Muntaka, wadda ta daɗe a Faransa kuma ba ta jima da dawowa daga Yamai ba. Goggo ta karɓe su da hannu biyu. Ta shimfiɗa wa baƙuwar matashi a kujera, ta kawo shinkafa da miyar gyaɗa, ta yi ta ce mata ta ƙara.

"Wannan ce ta riƙe mana ke?" ta tambayi Shafa'atu da Hausa. "Allah ya saka mata. Dubi yadda take kallonki, kamar ita ta haife ki."

Bayan an ci abinci Goggo ta matso, ta rage murya, ko da yake baƙuwar ba ta jin Hausa.

"Ɗiyata, akwai maganar da aka ce kada in gaya maki, amma ni ban iya riƙe ta. Uwarki kullum tana can."

"Can ina, Goggo?"

"Tsohon gida. Da ta yi sallar asuba take shiga mota, sai la'asar ta dawo. Ta share filin tas. Ta shuka kuɓewa da yakuwa, rijiyar ma Dodo ya yashe mata ita. Na je na same ta zaune ƙarƙashin mangwaro, ita da Hajiya Biba suna tsinkar zogale suna dariya. Tun rasuwar yayana ban ji dariyarta ba sai ranar."

"Mangwaron yana nan?"

"Yana nan. Gwaibar ce ta mutu."

Shafa'atu ta sunkuyar da kai. Duk shekarun nan, in ta tuna wurin, ruwa take gani shimfiɗe, babu komai a kansa. Ba ta taɓa tambayar ko wani abu ya rage ba. Madam Krina ta ga fuskarta ta canza, ta tambayi abin da aka ce. Shafa'atu ta fassara mata. Tsohuwar ta juya wajen Goggo ta tambaye ta da Faransanci ko digin da aka gyara yana da faɗi a gindi, ko an sa masa duwatsu a gefen ruwa, ko akwai masu bin sa suna dubawa. Goggo ta ce ita dai ta ga ya fi na da tsawo, har mota na bi ta kansa, sauran kuma sai Allah.

"Haka mamata takan ce," in ji Madam Krina.

A babbar tashar jiragen arewa mutane sun yi maƙil. Tanneke na jiran su da keken guragu. Aka ɗora jakunkuna, aka zaunar da tsohuwar. Shafa'atu ta durƙusa gabanta ta gyara mata gyale a wuya, ta tuna wa Tanneke cewa farin magani da safe ake sha, kuma ba a ba ta kafe bayan azahar. Tanneke ta ce ta ji. Shafa'atu ta sake faɗa.

Madam Krina ta kama fuskarta da hannu biyu. Hannuwan sun yi sanyi.

"Ni na yi shekara sittin kafin in koma," in ji ta. "Ke kada ki kai haka."

"In sha Allah, Mami."

"In takardarki ta fito, can Yamai za ki fara zuwa. Ba wajena ba. Kin ji?"

Shafa'atu ta gyaɗa kai. Aka tura keken. Ta bi su har inda aka tare masu rakiya, ta tsaya tana kallon farin gashin nan yana nisa cikin jama'a. Jirgin ya tashi, ita tana nan. Kan allo sunayen garuruwa na ta sauyawa, kowane da masu zuwa cikinsa. Sai da wani ma'aikaci ya tambaye ta ko ta ɓata ne, sannan ta motsa.

Ta koma Lyon ta kwashe kayanta zuwa Vénissieux, wani ɗaki a saman dogon bene a Minguettes da take rabawa da wata ɗaliba 'yar Damagaram. Ta sami aikin wucin gadi a wani ofis mai zana taswirar wuraren da ruwa ke iya ci. Yini take tana shafa shuɗin launi a kan unguwannin mutanen da ba ta sani ba. Ranar Alhamis takan sami kanta tana jiƙa wake, sai ta tuna ba mai ci da ita.

Bayan wata guda wayarta ta yi ƙara tana cin abincin rana. Tanneke ce, da bidiyo. Hoton na rawa. Ga Madam Krina a keke, an lulluɓe ta da bargo har wuya, gashinta na tashi. Tanneke ta juya wayar a hankali: ruwa toka-toka har iyakar gani, sannan ciyawa mai tsananin kore da tumaki a kanta, sannan can ƙasa rufin gidaje ja da hasumiyar coci. Tsohuwar na magana, tana nuni da hannu, amma iska ta cika wayar, ba a jin ko kalma ɗaya. Shafa'atu ta yi ta cewa, "Ina gani, Mami, ina gani." Ba ta san ko an ji ta ba. Tsohuwar ta nuna wani gida, ta nuna ƙirjinta, ta yi dariya, sai layin ya yanke.

Shafa'atu ta daɗe da wayar a hannu. Abincin ya huce.

Ranar Juma'a ta kira Inna. Suka gaisa, aka tambayi sanyi, aka tambayi zafi, aka tambayi Dodo da iyalinsa. A bayan muryar Inna tana jin kukan tsuntsaye da ƙarar guga a bakin rijiya.

"Inna, ina kike?"

"Balkisa ba ta da zurfin ciki," in ji Inna.

"Ba faɗa zan yi ba. Kuɓewar ta yi?"

"Ta yi. Har na ba maƙwabta."

Shafa'atu ta tashi ta tsaya a taga. Daga nan saman ana ganin rufin masana'antu da layin tiram, babu ruwa ko kaɗan.

"Inna, tsorona yana nan, ban daina ba. In za a yi ginin, kada a yi na ƙasa. A cika wurin a ɗaga shi sosai, a yi da bulo da siminti. Zan zana wa Dodo yadda za a yi. Kuma ɗakin tudu kada a sayar. In damina ta yi nisa aka ce kogi na hawa, ku tafi can tun da wuri, ba sai an zo ana kwashe ku ba. Ki yi mani alkawari."

"Na yi."

"Da gaske, Inna."

"Na ce na yi, Shafa. Ni ma na ga ruwan nan, ba labari aka ba ni ba." Ta yi ɗan tari. "Tunda kin buɗe maganar, Dodo ya riga ya kawo magini ya auna. Ɗaki uku za a yi. Nawa, na baƙi, da naki."

"Nawa?"

"To a ina za ki sauka in kin zo? Maginin yana tambaya, tagarki ta dubi hanya ko ta dubi wajen kogi. Na ce mashi ya dakata in tambayi mai ɗaki."

Shafa'atu ta jingina goshinta da gilashi. Takardarta ba ta fito ba, kuma ba wanda ya iya gaya mata ranar fitarta. Ba ta san ko za ta ga ɗakin bana ba, ko baɗi.

"Ai digi zai tare, Inna. Ba za a ga ruwan ba."

"Ba a ganinsa. Amma iskarsa na shigowa."

"To, wajen kogi," in ji Shafa'atu.

Ta ji Inna ta janye wayar daga bakinta tana kiran Dodo, tana gaya masa ya faɗa wa magini. Shafa'atu ba ta kashe ba. Ta tsaya tana sauraron muryoyinsu daga nesa, da gugan da ke sauka cikin rijiya, har katinta ya ƙare.